Yadda Ake Haɗa Majigi Biyu Su Ba Da Hoto Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Ɗambatta ko Bichi ya san ƙorafin 'yan kallo: wani ya ce hoton ya yi duhu, wani ya ce rigar 'yan wasa ta sauya launi. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, saiti ne bai yi daidai ba. Shi kuwa saiti, lissafi ne da awo.

Kalmar majigi ta daɗe a ƙasar Hausa. Ta samo asali ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango. A zamanin Turawa, motocin majigi kan shiga ƙauyuka da dare, a kafa farin allo a fili, a nuna wa jama'a fina-finan tsafta da noma. A birnin Kano kuma an buɗe sinimar Rex a 1937. Waɗancan majigin da zaren fim suke aiki. Daga baya aka ƙera wani iri mai suna CRT, ɗan'uwan tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙaton baya.

Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ya ƙirƙiro kwalbar CRT a 1897. A cikinta ana harba ƙwayoyin lantarki su bugi wani sinadari da aka shafa a fuskar gilashi, sai ya yi haske. Majigin CRT yana da irin wannan kwalba har 3, kowace da idonta: ja, kore da shuɗi. Dole hotunan uku su hau kan juna daidai a jikin allo. In ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne, za ka ga farin layin fili da jan gefe ko koren gefe.

To, idan allo ya yi faɗi ƙwarai fa? A na'urar koya wa matuƙa jirgin sama tuƙi, allon yakan kewaye mutum, majigi ɗaya ba zai cika shi ba. Sai a jera biyu ko fiye, a sa gefen hoton wannan ya ɗan hau gefen na wancan don kada a bar rata. Nan matsala take. Ku gwada da dare: ku haska tocila biyu a bango, ku matso da haskensu ya haɗu. Mahaɗar za ta fi ko'ina haske. Kamar mutum biyu ne suna watsa taki a gona ɗaya, kunyar da suka haɗu ta sami rabo biyu, sauran kuwa ɗaya ɗaya.

Maganinsa shi ne kowane majigi ya riƙa rage haskensa a hankali yana kusantar bakin hotonsa. Inda na hagu yake raguwa, na dama yana ƙaruwa. A tsakiyar mahaɗa kowanne ya ba da rabi, rabi da rabi su tashi ɗaya.

Sai dai kwalba ba ta bin umarni kai tsaye. Idan aka aika mata rabin ƙarfin sigina, ba rabin haske take bayarwa ba, kusan kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa. Wannan hali shi ake kira gamma, sunan wani harafin Girkanci ne, ba gama aiki ba. Adadinsa a talabijin yakan kai kusan 2.2. Mu yi lissafi: 22 a tara da 22 ya zama 44, bai ma kai rabin 100 ba. Ke nan wanda ya rage siginar kowane majigi zuwa rabi, ya kori farin layi ya jawo baƙi. Domin samun rabin haske na gaskiya, sai an aika kusan kashi 73 cikin 100 na siginar. Kuma kowace kwalba da nata halin, musamman in ta tsufa. Majigi biyu, kwalba 6 ke nan, kowace sai an auna ta.

A da, ƙwararre ne ke zama a ɗaki mai duhu yana wannan saiti da ido, aikin sa'o'i. Ido kuwa yana gajiya, abin da wani ya kira fari wani ya ce ruwan toka ne. Bayan haka, zafi da daɗewa sukan sa saitin ya zame, a koma gidan jiya. Shi ya sa aka ba wa kyamara da kwamfuta aikin. Kamfanin Barco na ƙasar Beljiyam, misali, ya yi majigin CRT masu ɗauke da kyamara mai suna IRIS, wadda ke daidaita launukan uku da kanta.

Ga yadda saitin ke tafiya. Kwamfuta tana sa majigi ya haska layuka masu ratsa juna, kyamara ta ɗauka, a gano inda kowane launi ya kauce da inda hotuna biyu suka haɗu. Sannan a haska matakan haske ɗaya bayan ɗaya, daga baƙi wuluk zuwa fari fat, a auna kowanne. Da wannan awo kwamfuta ke gane gamma na kowace kwalba, ta gyara siginar, ta sake aunawa, har mahaɗar ta ɓace wa ido.

Yanzu majigin CRT ya zama tsohon yayi, ƙanana marasa nauyi sun maye gurbinsa. Amma har yau da irin wannan lissafi ake haɗa manyan hotuna, kuma gamma na nan a wayar hannu da talabijin ɗin gidajenmu. Ga tambayar mako: idan majigi na hagu ya ba da kashi 30 cikin 100 na haske a wani wuri cikin mahaɗa, kashi nawa na dama zai bayar? Ku rubuta amsa ku miƙa wa 'yan ƙungiyarmu kafin fitowa ta gaba.