Funfunar da Ke Zaune Cikin Itace

Funfunar da muka sani ita ce mai ɓata burodi. Akwai wata kuma da ke zaune a cikin ganye da saiwa ba tare da ta cutar da itacen ba. Masana suna sa ido a kan ta itatuwan fadamar bakin teku, irin na Neja Delta, domin gishiri da zafi da laka kan tilasta mata ƙera sinadaran kare kai. A ɗakin gwaji, wasu sinadaran sun hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Abin ya shafi mai sayen magani a kantunan Tudun Wada a Zariya: a 2019 kaɗai, ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya, don haka ana neman sababbin magunguna. Penisilin ma daga funfuna masani Fleming ya gano shi a 1928.

Wasu nau'o'in funfunar kuma suna fitar da sinadaran da ke narkar da sitaci da furotin, masu iya tuge gashin fata a majema, aikin da ya dace da cibiyar binciken fata ta Samaru. Zariya ba ta da teku, amma tana da darbejiya da bagaruwa, kuma a ganina sun cancanci a duba cikinsu sosai.