Zaɓen Filin Tseren Miƙe a Wasannin Intanet

Tseren miƙe, wanda 'yan wasa ke kira dirag, shi ne mafi gajarta a tseren motoci. Mota biyu ke jeruwa a bakin layi, a ba su alama, su fizga a guje kan miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta riga tsallake layin ƙarshe ita ta ci. Babu kwana, babu zagaye, babu damar gyara kuskure. Nisan da aka saba shi ne kwatan mil, wato mita 402, kuma motar da ta sha gyara sosai tana cinye shi cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka kowace hanya ta wadatar muddin ta miƙe. Masu yin sa a intanet kuwa sukan daɗe suna ja-in-ja kan filin da za a hau kafin a tayar da inji ko ɗaya, domin sun san fili na iya ba wani nasara tun ba a tashi ba.

Asalin wasan daga Amurka ne. Bayan yaƙin duniya na biyu samarin Kalifoniya sun riƙa gyara tsofaffin motoci suna tsere da su kan titunan gari da dare, ana ta asarar rayuka. A 1950 aka fara shirya tseren a kai a kai kan titin wani filin jirgin sama da ke Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a janye matasa daga titi zuwa fili mai doka. Ingila ma haka ta yi: filinta na Santa Pod, da aka buɗe a 1966, tsohon sansanin jiragen yaƙi ne. Titin jirgi ya dace da wannan aiki saboda a shimfiɗe yake, a miƙe yake, yana da faɗi, kuma yana da sauran tsawo da mota za ta ci birki bayan ta wuce layi. Wannan sauran tsawo ba ƙaramin abu ba ne. A 2008 direba Scott Kalitta ya mutu a filin Englishtown da ke jihar New Jersey bayan motarsa ta kama da wuta ta kasa tsayawa, daga nan aka rage nisan tseren motoci mafiya ƙarfi zuwa mita 305. Duk da ragin, waɗannan motoci suna haura kilomita 500 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu.

A filin gaske na'ura ce alƙali. Akwai turken fitilu a tsakanin motocin biyu, masu ruwan ɗorawa su kunnu sannan koriya ta biyo, wanda ya motsa kafin koriya ja ta kama masa, ya faɗi ke nan. Wani siririn haske da ke gitta hanya ne ke auna lokacin da taya ta bar layi da lokacin da hancin mota ya iso ƙarshe. Ita kanta kwaltar ana fesa mata wani ruwa mai danƙo domin taya ta kama. Filin wasan bidiyo ana auna kyansa ne da yadda ya kusanci wannan tsari, ba da kyan gine-ginen da ke gefensa ba.

Wasannin waya su ne suka fi sauƙi ta wannan fuska. A CSR Racing 2, wanda kamfanin NaturalMotion na Ingila ya fitar a 2016, motar da kanta take bin hanya. Aikin mai wasa shi ne ya riƙe allurar inji a daidai wurinta kafin tashi, ya sauya giya a kan lokaci, ya san inda zai saki iskar ƙarin gudu. Titunan da ake gani ado ne kawai, zaɓin gaske tsakanin kwatan mil ne da rabin mil. Wasu wasannin kwamfuta da na akwatin talabijin suna da fili na musamman da aka gina don tseren: Assetto Corsa na Italiya yana da na mita 200, 400, 500, 1,000 da 2,000, shi kuma Forza Horizon 5 na 2021, wanda aka shimfiɗa taswirarsa kan ƙasar Meziko, yana da nasa, ciki har da wani tsohon titin jirgi a tsakiyar kurmi.

Inda gardama take shi ne a wasannin da ba su tanadi tseren ba, 'yan wasa suka ƙirƙiro shi da kansu. Gran Turismo 5, da ya fito kan PlayStation 3 a 2010, shi ne babban misali. Masu son dirag sun bi filayensa ɗaya bayan ɗaya suna neman miƙaƙƙen yanki. Wasu suka zauna kan Special Stage Route 7, babbar hanyar dare mai dogon rami a ƙarƙashin ƙasa. Wasu suka fi son Indianapolis, inda miƙaƙƙen ɓangaren gaba ya kai kusan kilomita ɗaya. A 2012 aka ƙaro Special Stage Route X, zagaye mai tsawon kilomita 30 da miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowanne wajen kilomita 12, kuma har yanzu yana nan a Gran Turismo 7 na 2022. Masu wasan GTA su ma filayen jiragen sama na cikin taswirarsu suke komawa.

Abu na farko da gwanaye ke dubawa shi ne ko hanyar a kwance take. Gangara ko hawa, ko da ido bai gani ba, yana sauya sakamako: hawa yana cutar mota mai nauyi, gangara tana ƙara wa kowa gudun da ba na injinsa ba. Route X yana da wannan aibi a ɓangare ɗaya, inda hanya ke haurawa sama sannan ta sauko. Masu neman ganin iyakar gudun mota suna son wurin, amma lokacin da aka samu a kansa ba ya kwatantuwa da na wani fili. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a tsayar da mota, a cire giya, a saki birki. Idan ta fara mirginawa da kanta, wurin bai dace da layin tashi ba.

Na biyu shi ne alama. Tunda wasan ba ya auna tseren da kansa, dole a sami abin da kowa zai gani a fuskar na'urarsa ya yarda nan ne farko, nan ne ƙarshe: bakin rami, inuwar gada, allon talla, farin layi. Indianapolis ya yi farin jini saboda wani siririn layin jan bulo da ya gitta kwalta, ragowar bulon da aka shimfiɗe filin da shi a 1909, wanda ba mai iya musun inda yake. Filin da ƙarshensa “wajen fitila ta uku ko ta huɗu” ne ba ya rabuwa da rigima.

Nisa kuwa shi ne ke yanke wace irin mota za ta ci, don haka wanda ya zaɓi nisa ya riga ya zaɓi rabin sakamako. A mita 200 zuwa 400 tashi ne komai. Mota mai jan taya huɗu tana cafke ƙasa ta yi gaba yayin da mai jan tayar baya ke ta murza taya tana hayaƙi a wuri ɗaya. Da an kai kilomita ɗaya ko biyu sai labari ya juya, ƙarfin inji da siffar da ke ratsa iska su karɓi ragama, mai tayar baya ta kamo ta wuce. Jeren giya ma da nisa ake ɗaure shi. Wanda ya matse giyoyinsa don kwatan mil zai ga injinsa ya kai maƙura yana kururuwa tun tafiya ba ta yi rabi ba idan aka kai shi Route X. Wanda ya buɗe su don doguwar hanya kuma zai tashi a sanyaye kan gajere. Shi ya sa tambayar wane fili ya fi kyau ba ta da amsa sai an ce da wace mota, kuma a wane nisa.

Doguwar hanya tana da wata ɓoyayyiyar matsala. Motar da ke gaba tana tsaga iska, ta bayanta idan ta laɓe a bayanta sai ta sami sauƙi ta ƙara gudu ta fito ta wuce a ƙarshe. A tseren zagaye wannan dabara ce halattacciya, a dirag kuwa maguɗi ne, don haka ana son hanya mai faɗin da kowa zai tsaya a layinsa. Ana kuma kashe ruwan sama da cin taya da motocin da wasa ke zubawa kan titi. Need for Speed Underground na 2003 ya shahara da dirag a tsakiyar cunkoso, abin akwai daɗin kallo, amma sa'a ce ke yin hukunci. Jiƙaƙƙiyar hanya ba sai an yi wa mutumin Jazira ta Sudan dogon bayaninta ba: hanyar gefen magudanar ruwa a miƙe take kamar an ja zare, amma da an yi ruwa baƙar lakar nan ta jiƙe, mota mai ƙarfi da marar ƙarfi duk jujjuya taya suke yi.

Ga matashin da ke wasa daga ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato jinkirin saƙo. Garuruwa irin su Mai Wurno, kudu da Sannar, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suna da nisa ƙwarai da inda sabobin wasanni suke, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa. Saƙon da ya bar waya zai hau turken Zain ko MTN ko Sudani, ya bi igiya ta ɗaruruwan kilomita zuwa Bur Sudan, ya shiga igiyar ƙarƙashin Bahar Maliya, sannan ya nufi Turai ko ƙasashen yankin Gulf. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tsakanin tsakiyar Sudan da Jamus ya haura kilomita 4,000, zuwa da dawowa 8,000, wato milisakan 40 ko da hanyar a miƙe take kuma babu abin da ya tsayar da saƙon. A zahiri hanyar a karkace take, turke kuma cike yake da jama'a, jinkirin yakan ninka haka sau da yawa.

Lissafin illar ba wuya. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana cin kusan mita 70 a daƙiƙa. Idan saƙo ya yi jinkirin milisakan 200, motar abokin tsere da ake gani a fuskar na'ura tana iya kauce wa inda take a gaske da mita 14, tsawon mota uku ke nan, a wasan da ake ci da tazarar hanci. Kowanne daga cikin biyun zai iya ganin kansa a gaba, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Tashi ne ya fi shan wahala. A ɗakin wasan da babu fitilu, mutum na uku yakan faka motarsa a gaba kaɗan, tsakanin layukan biyu, ya zama shi ne alama: ya danna hon sau uku ko ya ƙyafta fitila, a na uku a fizga. Ƙarar hon ɗin tana isa ga wanda ke kusa da saba kafin ta isa ga wanda ke Wad Madani ta Sudan. Na kusa ya riga ya saki birki, tayarsa ta kama, na nesa bai ji na ukun ba tukuna. A kwatan mil wannan gibi ba ya cikuwa. A kilomita biyu yana iya narkewa a cikin bambancin inji da giya. Saboda haka mai raunin intanet ya fi samun adalci a fili mai matsakaicin tsawo, ko a filin da wasan da kansa ke ƙirga tashi kuma ya rubuta lokacin kowa a kan na'urarsa kafin ya aika. Yawan jama'a a ɗaki ma yana ƙara nauyi, ɗakin mutum huɗu ya fi na goma sha shida natsuwa, musamman a wasannin da na'urori ke magana da juna kai tsaye ba ta saba ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disamba 2023, ba ta dawo ba sai Janairu 2025, a Fabrairu 2024 kuma layukan sadarwa sun ɗauke a akasarin ƙasar. A wurare da dama jama'a sun koma ga na'urar Starlink da ake biya da awa a kasuwa. Taurarinta na ɗan adam suna kusa da ƙasa, wajen kilomita 550, don haka jinkirinsu ba shi da yawa, sai dai yakan yi tsalle idan mutane da yawa suka hau na'ura ɗaya. Jinkiri mai tsalle ya fi jinkiri mai yawa ɓarna a dirag, domin mai yawa ana iya sabawa da shi, mai tsalle kuwa sai ka ga motar abokin tsere ta ɓace ta ɓullo a gaba.

Ita ma wayar tana da nata hukuncin. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Jazira yana haura digiri 40, waya idan ta ɗumama takan rage ƙarfin aikinta don kada ta lalace, hoto ya fara sarƙewa. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sabunta allurar giya duk milisakan 17, idan ya faɗo zuwa 30 sai ya koma 33, kuma a wannan tazara ake kuskure sauyin giya. Filin birni da dare, mai fitilu da ƙyallin ruwa da cincirindon 'yan kallo, shi ya fi wahalar da na'ura. Titin jirgi a fili da rana, wanda ba komai a gefensa sai ciyawa, ya fi sauƙin zanawa, kuma bai cika cin batir ba inda caji ya dogara da hasken rana ko janareta.

Idan intanet ta yi raunin da tseren kai tsaye ba zai yiwu ba, yawancin wasanni suna da tseren inuwa: mutum ya yi gudunsa shi kaɗai, na'ura ta adana lokacinsa da yadda motar ta tafi, abokinsa ya sauke ya kara da wannan inuwa a lokacin da ya sami layi. Sharaɗinsa shi ne su biyun su hau fili ɗaya, nisa ɗaya, yanayi ɗaya, da ajin mota ɗaya.