Kafin Diyya Ta Fito, Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

Shirinmu na musamman na yau ya ya da zango a ƙasar Adar, a ƙaramar hukumar Tabotaki da ke gundumar Buza, cikin jihar Tawa. Muna gaida mutanen Tama, da Karofan, da Babban Katami, da 'yan'uwanmu na Madawa da Keita. Maganarmu ta yau a kan hatsarin hanya ce, musamman watannin nan masu tsawo da ke biyo bayansa, lokacin da mai rauni ke kwance, diyya ba ta fito ba, farmasi kuwa ba ta san bashi ba.

(Kiɗa)

Kowa a nan ya san yadda abin ke faruwa. Ranar kasuwa, magidanci ya hau kabu-kabu, ko ya maƙale a bayan motar kaya tare da buhunan gero da awaki. Taya ta fashe, ko wata mota ta kwaso su. Kafin la'asar yana likitar gari da ƙafa a karye. Idan karayar ta fi ƙarfin wurin, a tura shi asibitin gunduma a Buza. Idan ta buƙaci aiki da ƙarfe, sai babban asibitin jiha a Tawa, ko asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950, wani lokaci ma har Maraɗi ko Yamai. Kowane zango da kuɗinsa: na mota, na hoton ƙashi, na odonansi, wato maganin da likita ya rubuta, da na abincin wanda ya baro gonarsa ya zo jinya.

Gaskiya ne gwamnati ta rage nauyi. Tun ranar 1 ga Satumba 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awo, da na tiyata a asibitocin gwamnati. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa tun 2006 ake duba su kyauta. To amma rabin da ya rage, da maganin da aka rubuta aka ce a sayo a waje, da kuɗin hanya, duk suna nan a wuyan iyali.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Akuya ce ke fara tafiya kasuwa, sannan tunkiya, sannan san noma. A kira ɗa ko ƙane da ke cin rani a Abijan, ko Libiya, ko Nijeriya, ya turo abin da ya samu ta Nita ko Al Izza. Uwargida ta roƙi 'yan adashe su ba ta kwasa kafin lokacinta, ko ta ɗauki rance a asusun Mata Masu Dubara, tsarin nan da ya faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ko'ina. Waɗannan duk hanyoyi ne na mutunci, kuma ana farfaɗowa daga gare su. Wadda ke tsorata ni ita ce ta ƙarshe, wato jinginar gona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai kuɗi ya ba da jika ɗari ko ɗari biyu, ya riƙe gonar yana nomawa har ranar da aka biya shi. Wanda ya jinginar da abin da ke ciyar da shi, da me zai tara kuɗin fansa? Ƙafa takan warke cikin watanni, gona kuwa takan yi shekaru a hannun wani, wata ma ba ta dawowa.

Abin da ya sa muka kawo wannan shiri shi ne, a lokuta da dama akwai wanda doka ta ɗora wa wannan nauyi, kuma ba mai raunin ba ne.

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin kundin dokar inshora guda, wanda ake kira CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarsa a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ya soma aiki a 1995. Mataki na 200 na kundin ya wajabta wa duk abin hawa mai inji, mota ko babur, ya riƙe asiransi, wato inshora, saboda ɓarnar da zai iya yi wa wani. Fasinja yana cikin waɗanda wannan asiransi ke rufewa, haka mai tafiya a ƙasa. Kundin ma ya ce ba za a hana su diyyar raunin jiki ba don an ce su ne suka yi sakaci, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Direban abin hawan ne asiransin motarsa ba ta rufe shi.

Me ya sa diyyar ke daɗewa? Akwai jan ƙafa na ofis, wannan ba a musu. Amma akwai dalili na asali. Ba a iya ƙiyasta abin da mutum ya rasa sai ciwo ya tsaya, likita ya duba ya ce ga iyakar warkewa, ga naƙasar da ta saura. Malamanmu sun san wannan tun kafin a ƙera mota: a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin shi ne ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Shi ma kundin CIMA, yadda aka rubuta shi tun farko, ya ba kamfanin asiransi wa'adin wata 12 daga ranar hatsari ya gabatar da tayinsa, ya ba jandarma ko 'yan sanda wata 3 su aika masa da takardar binciken hatsarin. Ku lissafa da kanku. Mutumin da ya karye da bazara zai iya rasa damina sukutum kafin ya ji ko dala.

To ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Kuɗin magani daban, diyyar naƙasa daban. Mataki na 258 ya ce kamfanin asiransi na iya biyan asibiti kai tsaye, ko ya mayar wa mai rauni abin da ya kashe idan ya nuna takardun shaida. Ya ƙara da cewa idan mai rauni ya nema, wajibi ne kamfanin motar da ta yi hatsarin, ko na motar da yake ciki, ya ba shi takardar lamuni wadda zai kai asibiti a yi masa magani a kan kamfanin. Iyakarta ita ce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce "idan ya nema". Ba wanda zai biyo ka Tabotaki da ita. Haka kuma kundin ya yarda a yi tayin wucin gadi, wato a ba da wani kaso tun ciwo bai tsaya ba, a cika daga baya.

(Kiɗa)

Wannan ƙofa takarda ce ke buɗe ta, kuma a nan muke yawan yin asara. Hatsari ya auku, jama'a sun taru, direba yana rawar jiki, dattawa suka ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Ɗan'uwan mai rauni ya ce mun yafe. Aka janye mota kafin jandarma su iso. Yafiya halin kirki ce, ba na raina ta, kuma ƙaddara gaskiya ce. Sai dai a sani, neman haƙƙi a wurin kamfani ba cin mutuncin direba ba ne, don wannan rana ce ya biya kuɗin asiransi. Kana iya yafe wa direba a zuci da baki, ka kuma bari a yi konsta, wato takardar binciken hatsarin, ka rubuta lambar mota da sunan kamfanin da ke jikin takardarsa. Wanda ke kwance cikin jini ba shi da halin yin haka. Aikin ɗan'uwa ne, ko maƙwabci, ko duk mai waya da ke wurin.

Sannan a nemi takardar farko ta likita, wadda ta faɗi irin raunin da ranar da aka same shi. Sannan kowane rasit, ko na ƙwaya guda ne, a adana shi cikin leda wuri ɗaya. Na san da yawa cikinmu maɗori muke fara nema, don yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, kuma iyayenmu sun amince da shi. Amma maɗori ba ya ba da takarda, kuma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, tun ranar farko. Ko da za a koma gida daga baya, a fara da likita.

Idan tayi ya zo, kada a dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta ba. A nemi mai ilimin da aka yarda da shi ya fassara shi layi bayan layi. Wanda ba shi da takardar albashi, kamar manomi ko ɗan kabu-kabu, da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa ake yi masa lissafi, wanda ya koma jika 42 a wata tun 2024. Wanda ya sa hannu ya ga an saɓa wa kundin, yana da kwana 15 ya janye ta hanyar wasiƙa. Wanda bai nemi komai ba har shekara 5 ta wuce daga ranar hatsari, haƙƙinsa ya faɗi.

Saura magana mai ɗaci. Babura da yawa a ƙauyukanmu ba su da asiransi, motocin kasuwa ma wasu takardunsu sun daɗe da mutuwa. Idan irin wannan ya buge ka, ba kamfanin da za ka je wa, sai mai abin hawan, wanda sau da yawa shi ma talaka ne kamarka. A nan sulhu gaban hakimi ko limami yana da amfani, amma a yi shi a rubuce, da shaidu, a kuma sa kuɗin magani a gaba, ana biya ana jinya, maimakon a jira ƙarshe.

Kiranmu ga shugabannin tashoshin mota na Madawa, Buza da Keita, da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu: ku duba takardun mutanenku kafin su ɗauki fasinja. Ga hukumomin asibiti: ku sa wanda zai gaya wa iyalin mai rauni, da Hausa da Tamajak, cewa akwai takardar lamuni, da inda ake neman ta. Ga kamfanonin asiransi: wanda ya iya kawo wakili ya karɓi kuɗi a gunduma, ya iya kawo wakili ya karɓi koke a gunduma. Ku kuma 'yan'uwa na Tabotaki da kewaye, idan Allah ya kawo wannan jarrabawa gidanku, ku nemi takardar jandarma, ku nemi ta likita, ku je kamfani ku nemi lamuni, kafin kowa ya kawo maganar gona. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.