Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Ƙauyukan Tsafe

A jami'o'inmu mun saba auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa. Ni kuwa idan ɗalibaina a Gusau suka tambaye ni amfanin bincike, labarin Farfesa Alash'le Abimiku nake ba su, wadda ta yi digirinta na farko a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

A 1994, ita da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayar cutar ƙanjamau da suka samu a Nijeriya, nau'in G, ta sha bamban da nau'in B da ya mamaye Amurka da Turai. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a lokacin yawancin kayan gwaji da binciken rigakafi a kan nau'in B aka gina su. A 2004 kuma tana cikin waɗanda suka kafa cibiyar IHVN, wadda ta horar da ma'aikatan lafiya, ta kuma kai magani ga dubban masu cutar.

Sai dai bincike bai kammala aikinsa ba sai ya isa ga mai juna biyu a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, wadda tsoron 'yan bindiga ya hana ta zuwa awo. Maganin da zai kare jaririnta yana nan, hanyar ce ta toshe. Wanda kuma gudun hijira ya katse masa shan magani, ƙwayar cutar na iya bijire wa maganin.

Masana sun sauke nauyinsu. Saura gwamnati ta buɗe hanya, mu kuma malaman jami'a mu fito daga ofis.