"Maganin bai karɓe shi ba": abin da ƙwayoyin gado ke faɗa kan sankarar ciki

Bayan magariba, duk wanda ya tsaya a bakin kemis a Chanchaga ta Minna, kan hanyar Paiko, zai ji ana maimaita buƙata guda: "Malam, a ba ni maganin olsa." Sai a miƙo kwalbar farin maganin nan, mutum ya girgiza ya kurɓa tun bai bar wurin ba. Wani kuma kanwa zai jiƙa a gida. Yawancinsu gyambon ciki ne ke damun su da gaske. Amma a cikinsu akwai dattijon da wandonsa ya fara yi masa yawa, loma uku ta ƙosar da shi, bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Shi kam ba kwalba yake buƙata ba, likita yake buƙata, wanda zai zura masa siririyar kyamara ta maƙogwaro ya ɗebo ɗan naman da bai fi ƙwayar gero ba, domin sankarar ciki takan fara da kamannin olsa.

Cutar ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 ta kama kusan mutum 970,000, ta kashe kimanin 660,000. Babbar silarta ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostiraliya a 1982. A nan Arewa aka ci karo da wani abin mamaki game da ita. Likita Chris Holcombe, da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Maiduguri, ya wallafa a 1992 cewa sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna ɗauke da alamarta, amma sankarar ciki ba ta yawaita kamar a Japan ba. Masana na ganin dalilin ya haɗa da jinsin ƙwayar, da gadon mai ɗauke da ita, da abincinsa, da kuma marasa lafiyar da ke rasuwa a gida babu wanda ya rubuta cutarsu.

Idan aka fara magani, mu Hausawa muna da kalmarmu. Mutum biyu, cuta iri ɗaya, allura iri ɗaya: wannan ya murmure, a ce maganin ya karɓe shi; wancan ya ƙara zubewa, a ce bai karɓe shi ba. Waraka ta Allah ce, amma yanzu ilimi na iya leƙa wani ɓangare na dalilin tun kafin a huda jijiya. A 2014 wani babban binciken Amurka ya tantance ƙwayoyin gadon ƙari 295 na ciki, ya tarar sun kasu gida huɗu. Sunan cuta ɗaya ne, hali daban-daban.

Alamar da ta fi shahara ita ce HER2. Kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar, ƙarinsu na tara wannan sinadari fiye da kima, shi ke ingiza shi yana girma. A ɗakin gwaji akan daskarar da ɗan naman cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a rina. Idan gefen ƙwayoyin ya yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubi, alamar tana nan. Gwajin ToGA na 2010 ya nuna cewa ƙara maganin trastuzumab ga irin waɗannan ya kai matsakaicin rayuwarsu wata 13.8, maimakon 11.1. Wanda kuwa ba shi da alamar, ko ya sayar da gona ya saya, asara ya yi.

Ta biyu ita ce MSI, wato ƙarin da ya rasa hanyar gyara kurakuran da ke shiga rubutun gadonsa. Yawan kurakuran ke tona masa asiri ga garkuwar jiki, shi ya sa magungunan zaburar da garkuwa irin pembrolizumab suke yi masa aiki sosai, masu shi kuma sukan fi daɗewa a raye. A 2024 Japan da Amurka suka amince da zolbetuximab, wanda shi ma sai mai alamar Claudin 18.2 yake yi wa amfani. Akwai kuma abin da ake gada daga iyaye: a 1998 Parry Guilford ya gano lahani a ƙwayar gadon CDH1 cikin wani dangin Maori na New Zealand da cutar ta yi ta ɗauke wa matasa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce DPYD, ƙwayar gadon da ke sa jiki ya narkar da 5-FU da capecitabine, magungunan da aka fi ba masu wannan cuta. Wanda tasa ke da rauni, maganin kan taru ya zame masa guba: gudawa, gyambon baki, raguwar ƙwayoyin jini. Turai ta ba da shawarar gwaji kafin magani tun 2020, sai dai lahani huɗun da aka fi dubawa a jikin Turawa aka fi samun su. Akwai wani, Y186C, da ake samu a 'yan asalin Afirka, kuma gwaje-gwaje da yawa ba sa neman sa. Awon da aka ɗauka a jikin wani ba lallai rigar ta zauna mana ba.

Nan aikinmu yake. Mara lafiyar da ya fara daga Asibitin Ƙwararru na IBB a Chanchaga ko Babban Asibitin Minna, tafiyarsa kan kai shi Asibitin Ƙasa a Abuja ko na koyarwa na ABU a Shika. Ya kamata ɗan rakiyarsa ya san inda aka ajiye naman da aka ɗeba, ya kuma yi tambaya cikin ladabi: "Likita, an duba HER2? An duba MSI?" Gwajin da tsada, amma bai kai tsadar maganin da ba zai yi aiki ba. Cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, da jami'o'inmu irin FUT Minna, nauyi ne a kansu su tattara bayanan gadon mutanenmu, gwamnatin Neja kuma ta sauƙaƙa gwajin kyamara.

Sai dai duk wannan ilimi yana jiran ɗan naman nan mai girman gero, shi kuma ba ya isa ɗakin gwaji sai mai ciwo ya je asibiti. Idan mahaifinka ya yi watanni yana shan maganin olsa yana ramewa, gobe da safe kada ka sayo masa wata kwalba. Kama hannunsa ku tafi.