Chari Maigumeri: Sojan Da Ya Yi Wa Tuta Biyu Yaƙi

Duk wanda ya bi ta Lokoja zai ji ana ambaton Barikin Chari Maigumeri, amma kaɗan ne daga cikin matasanmu za su iya faɗin ko wane ne mai wannan suna. To, mutumin ƙasar Barno ne, wanda ya shekara kusan arba'in yana ɗauke da bindiga a ƙarƙashin tutar Turawa iri biyu.

Chari ya bar gida yana ɗan saurayi, ya ƙetara Kamaru, wadda a zamanin nan take hannun Jamusawa, ya shiga sojansu a wajen 1913. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya sami kansa yana fuskantar sojan Ingila da suka taso daga Nijeriya, watau 'yan'uwansa na gida. Ya nuna jaruntaka har Jamusawa suka ba shi lambar yabo. Amma a watan Yuni na 1915 garin Garwa ya faɗi, aka kama shi cikin fursunonin yaƙi.

Bayan shekara biyu, a 1917, sai ya shiga rundunar sojan Nijeriya ta Ingilishi, aka tafi da shi Gabashin Afirka don ya yaƙi iyayen gidansa na da. Ka ji ikon Allah, abokin gaban jiya ya zama ubangidan yau.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Chari ya riga ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. Da su aka kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha. Sojan Nijeriya sun shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, sa'an nan suka nausa arewa har Harar cikin wata guda kacal. A wannan yaƙi ne Chari ya sami lambar jarumta ta Ingila. Daga nan kuma aka haye teku da su zuwa Bama, inda Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa cikin dazuzzukan Arakan, ga ruwan sama ga sauro, har aka ƙwace Myohaung a watan Janairu na 1945.

Sai dai akwai abin lura a nan. Duk da wannan wahala, Chari bai wuce samanja ba muddin yana cikin kaki, domin sai bayan yaƙin ne aka fara bai wa 'yan Nijeriya muƙamin hafsa. Yaro Bature da ya fito makaranta jiya, shi ne Chari zai ƙame wa. Sai da ya zo barin aiki a 1953 aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa, a shekarar da ya halarci bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a London.

Ga mutanen Machina da Nguru da Gashuwa, waɗanda a wancan lokaci suke cikin Lardin Barno, wannan shekara tana da wani tarihin kuma. A 1953 ɗin ne wani ɗan yankinsu, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Ƙofar da aka rufe wa Chari ta buɗe wa ɗan bayansa, wanda ya kai Birgediya kafin a kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966.

Chari dai ya yi sa'a, an sa wa bariki sunansa. Dubban da suka tafi Habasha da Bama tare da shi fa? Wasu an binne su can, wasu sun komo ƙauyukansu sun rasu ba wanda ya rubuta labarinsu. Saboda haka muna kira ga malaman makarantu da masarautunmu da su nemi 'ya'ya da jikokin waɗannan mazajen, a rubuta abin da suka ji daga bakin iyayensu tun kafin shi ma ya ɓace.

Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.