ƘWAYAR DA TA KUSA CINYE GASHIN ƘANWATA

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, ƙanwata ce ta zo min kwanakin baya da ɗankwali har gira. Da na matsa mata ta cire, wallahi sai da na yi salati. Yarinyar da mai kitso ke mita saboda cikar gashinta, sai ga tsakiyar kai fayau, farce duk ya kakkarye. Abin da ya fi ci mata rai kuwa, maigidan ya fara kau da kai in tana magana, wai bakinta na warin tafarnuwa, alhali ko a miya ba ta sa ta.

"Yaya, uwargidana ce ta yi min asiri," in ji ta, tana kuka.

Ashe ba haka ba ne. Shekara uku da aure ba haihuwa, sai wata mai tallan magani gida-gida ta sayar mata da ƙwayar seleniyam, wai tana gyara mahaifa. A jikin kwalbar an rubuta ɗaya a rana, ita kuwa don sauri biyu da safe biyu da dare, wata huɗu cur. Likitan da muka je wurinsa yana ganin kwalbar ya ce to ga ɓarawon nan.

Shi dai seleniyam ba mugun abu ba ne, sinadari ne da jiki ba ya yi sai da shi. Ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da shi yake aiki tare da aidin na gishiri. Yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma maniyyin namiji na buƙatarsa. Rashinsa ma kisa yake yi: a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, a 1935 wani ciwon zuciya ya dinga ɗauke yara da mata masu haihuwa, daga baya aka gano ƙasar nomansu ce ba ta da shi, don haka hatsinsu ma babu. Ƙasar Finlan kuwa tun 1984 take zuba shi cikin takin zamani.

Amma nawa ake so? Maikirogiram 55 kacal a rana ga babba, mai ciki 60, mai shayarwa 70. Maikirogiram fa, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Ma'aunin Amurka ya ce kada a wuce 400. Ƙwayar ƙanwata kowace 200 ce, kin ga 800 kenan kullum, ban da na abinci.

Ni abin da ya ba ni haushi, kuɗin kwalba ɗaya ya isa cefanen kifi na sati. Domin a tukunyarki yake, uwargida: kifi, ɗanye ko busasshe ko na gwangwani, hanta da ƙoda, naman kaza, na saniya. Ƙwai ɗaya na ba da wajen 15. Gero da dawa da wake ma suna da shi, sai dai nasu ya danganta da gonar da aka noma su, shi ya sa gidan da kullum tuwo ne da miya lami ya kamata a riƙa jefa ko ɗan kifi ne. Akwai kuma gyaɗar Barazil da ake sayarwa a manyan kantuna, ƙwara ɗaya ta kan wuce buƙatar yini, kada ki zauna ki tasa ta gaba kamar gyaɗar amaro.

Ƙanwata dai ta daina, gashi ya fara tsirowa, ta kuma je ta nemi gafarar uwargidan. Maganar haihuwa likita ya ce su zo su biyu a duba su, har yanzu maigidan na cewa sai ya dawo daga Legas.